Amfilifaya ta na ƙugi, stabilaiza zan saya ko me?

Dan_Kurna:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin harkar wuta ku taimaka. Ina da amfilifaya da sifika biyu a falo, an jona da talabijin da dikoda, in na kunna sai ka ji wani ƙugi "huuum" yana bin sautin ko na rage murya yana nan, sannan duk sanda firji ya tashi sai sifika ta yi fas! Ga wutar unguwarmu da daddare mita na nuna bolt 170 wani lokacin. Wani ya ce in sayi waya mai tsada wai ta kayan sauti ce, ni dai tsoro nake kar kayan su ƙone.

Injiniya_Sbg:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka sayi komai tukun. Ka zare duk wayoyin da suka shiga bayan amfilifayar, ka bar sifika kawai ka kunna. In ƙugin ya ɓace to ba wutar bace, haɗin ne, kuma yawanci wayar eriya ko ta dish ce ke jawo shi saboda at ɗinta (wato haɗin da ke kai wuta ƙasa) daban da na soket, sai wata 'yar wuta ta rinƙa zagayawa ta cikin wayar sauti, ita kake ji don wutarmu 50Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Maganinsa ka haɗa talabijin da dikoda da amfilifaya a soket ɗaya, in bai bari ba akwai ɗan abin da ake sawa a wayar eriyar ya raba su.

In kuma ka zare komai yana yi, to yawanci manyan kafasitocin ciki (masu tara wuta) ne suka bushe, zafi na kashe su musamman tsohon kaya na gwanjo. Ka kaiwa mai gyara, kar ka buɗe da kanka wallahi suna riƙe wuta ko an kashe. Kuma dan Allah kar kowa ya sa ka cire ƙafar at ta filogi, ƙugin zai iya raguwa amma ran da waya ta taɓa jikin ƙarfen kai wutar zata bi.

Maman_Ilham:
Maganar firji mu ma mun sha fama, har da injin jan ruwa. Mai wayarin ya ja mana layi daban tun daga akwatin raba wuta da waya 2.5mm da burekarsa (mai yanke wuta in lodi ya yi yawa), soket ɗin falo kaɗai ke kai, fas ɗin nan ya ragu sosai. Ya kuma duba ƙarfen at da aka binne ya ce da rani ƙasa na bushewa baya aiki yadda ya kamata, a rinƙa jiƙa wurin.

Baba_Rediyo:
Yaro 170 ta yi ƙasa, 230 ya kamata ka samu, shi yasa sautin ke shaƙewa in ganga ta buga. Stabilaiza kam kana buƙata amma ka nemi irin da ake kira servo, wato mai ɗan inji a ciki da ke juyawa yana daidaita wutar a hankali, mai rile (makunnin da ke canza wutar mataki-mataki) tana ƙas ƙas duk sanda ta canza kuma kana iya ji a sifika. Ka ɗauki wadda ta ninka abin da kayanka ke ja, mai jinkiri kafin ta saki wuta, don lokacin da aka dawo da wuta ne aka fi asarar kaya. In da inbata kake amfani ka tabbatar fiyo sayin ce (mai ba da wuta sumul irin ta NEPA), mai arhar nan na sa tiransifoma kuka da zafi. Ƙaramin janareta kuwa ni bana ɗora amfilifaya a kai sam. Waya mai tsadar nan ka barta, bata ƙara bolt ko ɗaya.

Dan_Kurna:
Allah ya saka da alheri. Injiniya na gwada, ina zare wayar dish ƙugin ya ɗauke tsit. Baba kayan gaba ɗaya basu wuce wat 400 ba, mai 1000VA zata isa ko in ƙara?