Taƙaitawar abin da aka tattauna kan jin daɗin tafiya da zumunci a Damagaram

Tattaunawar ta yi tsawo, don haka na tattara ra'ayoyin 'yan'uwa kamar haka.

1. Mafi yawa sun yarda cewa ba sai an yi nisa ake ganin abin mamaki ba. Sun ba da shawarar mutum ya taka da ƙafa cikin lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da sanyin safiya, ya dubi zanen da magina suka yi wa gidajen ƙasa, da manyan duwatsun da suka tokare unguwar, har ya ɓulla ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Wasu sun tuna mana cewa Zinder, wato Damagaram, ita ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, amma da yawa daga cikinmu muna wucewa a kan babur ba mu ɗaga kai ba.

2. Mai son fita gari, an ambaci Mirya, wadda ba ta kai kilomita 20 daga nan ba, da garakenta.

3. Kan zaman fada, wato majalisar hira da shan shayi, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a wajen shayi ake ƙulla abota ta gaskiya, domin jiran tafasa ta uku yana koya wa mutum sauraro. Wasu kuwa, musamman dattawa, sun ce zaman yana cinye lokacin neman na kai. A ganina, ɓangarorin biyu ba fada iri ɗaya suke nufi ba.

4. Game da ɗaukar hoto da waya, an amince a nemi izinin mutane tukuna, musamman mata da tsofaffi a kasuwa.