Abin da aka tattauna a Garwa kan barin tiramol da bilbil

Ranar Lahadi bayan sujada muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar majami'a, matasa da 'yan zumuntar mata, kan 'yan'uwanmu da shaye-shaye ya kama.

An fi daɗewa a kan tiramol. Wani ɗan acaɓa ya ce da ƙwaya ɗaya ya fara don ya jure zafin rana, har ta kai shi ga faɗuwa yana jijjiga a bakin titi. Shawararsa: kada mutum ya ɓoye. Ya nemi wani dattijo ya faɗa wa dattijon gaskiya, kamar yadda Yakubu 5:16 ta ce. Shi kam har kuɗin cinikinsa matarsa ke riƙewa yanzu.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ja kunne, kuma na ga gaskiyarta: wanda ya daɗe yana shan bilbil (giyar dawa, irin burukutu) ko arki (barasa mai ƙarfi ta gargajiya) kada ya yanke rana ɗaya, jiki na iya karkarwa har da farfaɗiya. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Iyaye mata suka ce a daina gori. Wanda ya koma ruwa, a je gidansa da yamma, lokacin da abokai ke kiransa zuwa mashaya.