Neman shawara: kowa na yabon lasifikarsa, maganar wa zan ɗauka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Na kusa shekara biyu ina tara kuɗin sayen lasifika ta kirki, irin wadda mutum zai zauna bayan isha'i ya saurari ƙira'a ko kiɗan gurmi ya ji kamar mai yin yana gabansa. Zaɓina ya tsaya kan guda biyu: KEF LS50 Meta da Klipsch Heresy IV, duk da kuɗin ta biyun ya kusa ninka na farkon. Matsalar, duk mai KEF da na tambaya sai ya ce Klipsch ihu take yi, mai Klipsch kuma ya ce KEF ta yara ce, ba ta cika ɗaki. Wani ƙanina ne zai auno min daga waje, kuma in ta iso ba zancen mayarwa. Falona mita biyar ne a mita huɗu, tayil a ƙasa, amfilifayata, wato na'urar da ke tura lasifika, wat 40 ce. Maganar wa zan ɗauka?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɗauki Heresy ka huta. Tun 1957 ake yin ta, har gobe a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka ake haɗa ta. Abin da ya yi shekara sittin da ɗoriya a kasuwa ai ba wasa ba ne. Tawa shekara uku ke nan, in kalangu ya tashi har a ƙirji nake jin sa.

Tsohon mai gyaran rediyo:
Alhaji, ka ji ko? Ga shi nan ka ƙara samun ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wanda ya zuba miliyoyi a abu da wuya ya fito ya ce ya yi asara. Ba ƙarya Baban Walida ya yi maka ba. Gaskiyar ɗakinsa da kunnensa ya faɗa.

Akwai abin da ba ya buƙatar ra'ayin kowa. Kamfanonin sun rubuta ƙarfin jin lasifikun, wato yawan ƙarar da kowace ke fitarwa in an ba su wuta daidai, a ma'aunin ƙara na desibel: LS50 Meta 85, Heresy IV kuma 99. Duk desibel 3 da aka rasa, sai an ninka wat kafin a cike giɓin. Ke nan tazarar 14 tana nufin KEF na son wuta wajen ninki 25 kafin ta kai ƙarar da Heresy za ta yi. Masu awo masu zaman kansu sukan sami lambar Klipsch ƙasa da yadda aka rubuta, amma ko an rage, tazarar na da yawa. Wat 40 ɗinka zai ishi Heresy har ya yi saura. A kan KEF zai yi, muddin kana zaune kusa, kamar mita biyu, kuma ba mai ƙure ƙara ba ne kai. In ka matsa wa ƙaramar amfilifaya, sautinta ya fara tsagewa, ƙaramin bakin nan mai fitar da siririyar murya shi ke fara ƙonewa. Na sha canza su a shago.

Sannan bakin KEF inci biyar ne da kwata, na Heresy inci 12. Amma kada girman ya ruɗe ka, ita ma Heresy ba ta kai can ƙasa sosai wajen fitar da sauti mai kauri, wajen haz 48 take tsayawa a ma'aunin kaurin sauti. Masu ita da yawa sukan ƙara mata akwatin bes.

Don haka in mai lasifika ya yaba maka, kada ka tambaye shi ko tana da daɗi. Tambaye shi girman ɗakinsa, da abin da ke shimfiɗe a ƙasa, da amfilifayar da yake tura ta da ita, da abin da ya fi saurare, da kuma wadda yake da ita kafin wannan. Wanda ya taso daga rediyon mota komai aka kunna masa zai ce ya ji abin mamaki.

Maman Sadiq:
Baba mai gyaran rediyo ya gama magana, sai dai in ɗora kaɗan. A 1994 masu binciken sauti Floyd Toole da Sean Olive sun gwada ma'aikatan Harman, wani kamfanin kayan sauti: suka sa su saurari lasifiku suna kallonsu, suka kuma saurare su a bayan labule. Da ido na gani, manyan masu tsada da sheƙi suka kwashe maki. Da aka rufe, tazarar ta ragu sosai. Mun saba cewa gani ya kori ji, to a nan illa ce, domin ji ɗin ne za ka biya wa kuɗi.

Ni shawarata ka nemi waɗanda suka sayar da tasu. Su ba su da abin karewa. In mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci aibi iri ɗaya, ka riƙe shi. Yabon da aka rubuta a makon farko kuwa, zumuɗin sabon kaya ne.

Kuma tayil ɗin nan naka ya fi damuna a kan sunan kamfani. Mun taɓa sayen wasu masu tsada, ba sai na faɗi sunansu ba, muka kafa a falo mai tayil da tagogin gilashi. Minti ashirin kaina ya fara sarawa, duk harafin sin na mai karatu kamar ana soka min allura. Har maigidan ya fara neman mai saye. Ana cikin haka aka shimfiɗa babban kafet saboda sanyin hunturu, aka rataya labule mai kauri. Lasifikun nan dai su ne, amma ka rantse an canza su. Da a watan farko ka tambaye ni, da na hana ka saye. Tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka ji abin da zai biyo baya.

Ɗan Zariya:
Ni dai kada a mai da abin lissafi zalla. Awo na da amfani, amma ba takarda za ka saurara ba. In ka sami damar gwada biyun, ka daidaita ƙararsu da manhajar auna sauti ta waya, don wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ita kunne ke zaɓa, kuma Heresy za ta fi ƙara in ba a taɓa maɓalli ba. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza mai kyau, ka san halin wutarmu. KEF ɗin ma sai ka saya mata ƙafafun ɗorawa, a sa wannan a lissafi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na tafa. Wani "tarrr" ya biyo baya kamar a cikin masallacin da ba a shimfiɗa darduma ba, har yara suka leƙo suna dariya. Kafet zan fara saye. Baban Walida, don Allah me ke ƙasan falonka, kuma da wace amfilifaya kake tura ta?

Baban Walida:
Kafet ne bango zuwa bango, ga kujeru manya, kuma amfilifayar irin ta da ce, mai aiki da kwalaben lantarki, wat 12. Gaskiya ban taɓa jin ta a kan tayil ba, ban kuma taɓa zama na saurari KEF ɗin ba, a bakin mutane na ji. In kana kusa da Kaduna ka zo ranar Asabar bayan la'asar. Taho da amfilifayarka da abin da ka saba saurare, sai mu naɗe kafet ɗin gefe guda mu ji.