Wai Bahaushe Ba Ya Iya Rubuta Tarihin Kansa?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Yau zan tayar da ƙura, a yi mini haƙuri. Na gama karanta tarihin rayuwar wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati da ya rubuta da hannunsa. An haife shi, an sa shi makarantar allo, ya shiga elementare ya zo na ɗaya, ya wuce midil ya zo na ɗaya, aka ba shi muƙami ya riƙe amana, ya yi ritaya. Matansa uku a layi biyu aka gama da su. Bai taɓa jin tsoro ba, bai taɓa ƙullatar kowa ba. Ni dai hukuncina shi ne Bahaushe ba ya iya rubuta tarihin kansa. Kunya ta hana. Abin da muke bugawa takardar neman aiki ce aka yi wa bango.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Kai Nura, daga littafi ɗaya ka yanke wa al'umma guda hukunci?

Nura: Anti, ba ɗaya ba ne. Ɗauki My Life na Sardauna, na 1962. Za ki sha labarin garinsu Rabah da Kwalejin Katsina da jam'iyyarsu ta NPC da majalisa, amma cikin gidansa ƙofa a rufe take.

Malam Lawal: Sardauna yana kan kujerar Firimiya ya fitar da littafin nan, shekara 2 da samun 'yancin kai, 'yan adawa na jiran ya yi tuntuɓe. Me kake so ya ce? Littafin ɗan siyasa a ko'ina haka yake, har a Ingila da Amurka. Ka kawo wata hujjar. Kuma tun kafin boko ya shigo ƙasar nan, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙat a 1813. A ciki ya faɗi yadda ransa ya ɓaci da ya ga wasu abokan jihadi sun karkata ga mulki da dukiya, har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi. Ƙanen Shehu ne fa, kuma wazirinsa, yake rubuta haka a kan mutanensa. In wannan ba faɗin gaskiya ba ne, mene ne?

Nura: Allah ya gafarta Malam, na yarda da wannan, amma da Larabci ya rubuta, malamai 'yan uwansa yake yi wa magana. Kuma laifin wasu ya faɗa.

Malam Lawal: To ashe ba gaskiya kake nema ba, tonon asiri kake nema.

Issoufou: Ina gaishe ku daga Damagaram. Ku bar ni in shigo da ɗan garinmu, Dorugu. Yana yaro aka kama shi bauta a yankin nan, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Turawan da ke yawon bincike, suka 'yanta shi. Ya bi ɗaya daga cikinsu, Barth, har Ingila a 1855. Can ya ba wani ɗan mishan, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Yaron nan bai ɓoye yunwa ba, bai ɓoye rabuwa da ubansa ba, har yadda Turawa ke zaman cin abinci sai da ya kwatanta. Da Hausa tsantsa.

Maman Ilham: Madalla da Issoufou. Ni kuma in ƙara da Baba ta Karo. Tsohuwa ce da ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Aure huɗu ta yi, ba ta haihu ba, kuma duk ta faɗa. Ta yi maganar kishi, ta yi maganar bori, ta yi maganar matan da ke fita daga gidan miji da yadda ake biko, da harin masu kamun bayi tun kafin zuwan Turawa. Ranar da na fara karanta shi sai na ji kamar kakata ce ke tsefe mini kai tana ba ni labari. Wace kunya ce ta hana ta?

Nura: Yauwa, Anti, kin kawo ni inda nake so. Ku duba su biyun nan. Dorugu bai rubuta ba, faɗa ya yi aka rubuta. Baba ba ta rubuta ba, faɗa ta yi aka rubuta, aka kuma buga da Turanci a Landan bayan ta rasu. Dukkansu baƙo suka buɗe wa ciki, wanda zai kwashi maganar ya kai inda dangi ba za su gani ba. A ce Baba ta san za a karanta littafin nan a zauren gidan mijinta, kina jin za ta faɗi rabin abin da ta faɗa?

Issoufou: Wannan kam magana ce.

Hajiya Binta: Tun ɗazu ina bin ku ban ce komai ba. Nura, ɗana, ka canza magana ba ka sani ba. Da farko ka ce ba ma iyawa, yanzu ka koma cewa muna iyawa amma muna duba wanda ke saurare. Na biyun nan ni ma na yarda da shi, kuma ban ga aibunsa ba.

Shekaru ke nan ina rubuta nawa a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ina ajiyewa a ƙasan akwati. Da na zo kan aurena na fari sai biro ya tsaya. Ba don ina jin kunyar abin da ya same ni ba, na wuce wannan. Amma mutumin ya rasu, ba shi da bakin kare kansa. 'Ya'yansa da wata matar suna nan, suna zuwa gaishe ni da sallah, suna ce mini Umma. Kishiyar da muka yi zaman doya da manja da ita yanzu ba ta gani sosai, jikokinta ke jan ta. Labarina ne, haka ne, amma rabinsa nasu ne, kuma ba wanda ya tambaye su. Mu nan ba a rayuwa mutum ɗaya. In ka buɗe ɗakinka, ka buɗe na mutum goma.

Malam Lawal: Hajiya ta gama magana. Ga kuma addini. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim a kan mutumin da Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Mai karatun da ke son marubuci ya zayyana zunubansa don ya ji daɗin littafi, ya sake tunani.

Nura: Malam, ban ce a zayyana zunubi ba. Tsoro zunubi ne? Talauci zunubi ne? A ce mutum ya faɗi jarrabawa, ko an kore shi daga aiki ya rasa kuɗin cefane ya rinƙa zagayewa ta bayan layi don kada mai shago ya gan shi, wannan wane asiri ne addini ya ce a rufe? Yaro mai tasowa ya karanta tarihin manya ya ga ba wanda ya taɓa faɗuwa, sai ya ɗauka shi kaɗai ne mara sa'a. Girman kai ne muke sa wa rigar kunya.

Maman Ilham: Nan kuma ina bayanka. Sai dai kana neman abin a inda ba ya nan. Matan da suka cika kasuwar littattafai a Kano tun daga shekarun 1980, ina kake jin suka samo labaran auren dole da saki da kishiya? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sha faɗa a hira cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai ga shi ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Ba na cewa duk abin da ke ciki rayuwarta ce, amma wanda ya ɗanɗana shi ya san zafin. Mata sun daɗe suna rubuta kansu, suna kawai suke canzawa.

Nura: Ƙagaggen labari daban, Anti. Marubuciya na iya cewa ba ni ba ce. Ni ina son wanda zai ce ni ne, ya sa hannu.

Hajiya Binta: To kai da ka iya, ina naka?

Nura: Hajiya, ni ai yaro ne, ban tara abin faɗa ba tukuna.

Hajiya Binta: Dorugu bai kai shekarunka ba lokacin da ya ba da nasa.

Issoufou: Hajiya ta kama ka! Amma don Allah Hajiya, babin nan da ya tsaya, in kin canza sunaye da gari fa?

Hajiya Binta: Na gwada. Duk wanda ya san unguwarmu zai gane tun shafin farko. Na dai ce wa babbar 'yata inda mabuɗin akwatin yake, in ba na nan su yi shawara da 'yan uwanta.

Nura: Kin gani ba, Anti Maman Ilham? Hanyar Baba ta Karo ce dai har yau, sai bayan rai.

Malam Lawal: An kira la'asar a nan. Nura, ka nemi fassarar Tazyinul Waraƙat da Baturen nan Hiskett ya yi ka karanta tukuna, in ka gama mu ɗora.