Rajistar rauta tana gogewa duk lokacin da aka ɗauke wuta

Mai_Kula_da_Layi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina kula da intanet na wata ƙaramar makaranta, muna amfani da rauta (na'urar da ke haɗa mu da intanet) ta kamfanin MikroTik da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin cikin gida) guda biyu. Kwanakin baya na ga layuka da yawa a rajistar rautar, wato bayanan da take rubutawa na abin da ke faruwa a cikinta, da ke nuna wani yana ta gwada kalmar sirri ta SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa) daga waje, amma kafin in zauna in bi diddigi aka ɗauke wuta, da na'urar ta tashi kuwa babu ko layi ɗaya da ya rage. Shin in mayar da rajistar kan ma'ajiyar cikin na'urar ne, ko akwai hanyar da ta fi wannan?

Injiniya_Sabo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya faru shi ne RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautar MikroTik, tana ajiye rajista a RAM, ma'ajiyar wucin gadi, tun daga masana'anta, kuma duk abin da ke RAM yana tafiya da wutar. Ban ba ka shawarar ka riƙa rubuta komai a ma'ajiyar cikin na'urar ba, domin ƙarama ce, kuma yawan rubutu yana cinye rayuwarta. Ka samu tsohuwar kwamfuta mai Linux, ka sa mata rsyslog, manhajar karɓa da adana rajista, ka jona ta da UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, sannan ka umarci rautar da suwic ɗin su riƙa tura mata kowane layi ta ƙofa mai lamba 514 ta UDP, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori. Amfanin hakan ya wuce maganar wuta, domin wanda ya yi nasarar kutsawa cikin rauta yakan fara da goge sawunsa, amma abin da ya riga ya isa wata kwamfutar ya fi ƙarfin hannunsa. Sai dai ka sani UDP ba ya ɓoye saƙo, ba ya kuma tabbatar da isarsa, don haka kada ka bari saƙon ya fita daga hanyar sadarwar cikin gida.

Hajiya_Intanet ta amsa:

Ina goyon bayan Injiniya, amma ka gyara agogo kafin komai. Yawancin waɗannan ƙananan rautocin ba su da batirin agogo, idan suka tashi daga mutuwa sai su zo da lokacin da ba daidai ba, kuma rajistar da lokacinta ya karkace ba za ta yi maka shaida ba ranar da kake son haɗa abin da suwic ya gani da abin da rauta ta gani. Ka kunna NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, a kan dukkansu. Matakan muhimmancin saƙo a syslog, tsarin tura rajistar, takwas ne, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na binciken matsala. Na ƙarshen ka kunna shi lokacin gyara kawai, ka kashe da zarar ka gama, in ba haka ba zai binne maka muhimman layuka. A kan kwamfutar Linux ɗin, ka sa manhajar logrotate ta riƙa matse tsofaffin fayilolin rajista, kuma ka taƙaita masu iya karanta su, domin akwai adireshin IP da sunayen masu shiga a ciki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuwa ta shafi irin waɗannan.

Injiniya_Sabo ya ƙara da cewa:

Wanda ke gwada kalmar sirrin nan kuma ba zai gaji ba, Malam. Ka rufe ƙofar 22 ta SSH da 8291 ta Winbox, manhajar sarrafa rautar MikroTik, daga ɓangaren intanet tun yau, ka bar su ga adireshin kwamfutarka kaɗai.