Amfilifayar sarbo tana ɗaukar zafi tana tsayar mana da inji

Ɗan Agege:
Salamu alaikum injiniyoyi. Ina aiki da injin CNC, wato mai aiki da kwamfuta, na yankan ƙarfe a wani shago a Ikeja. Sati biyu ke nan, da an yi azahar sai amfilifayar sarbo ta layin Z, wato na'urar da ke ba motar lantarkin da ke hawa da sauka wuta, ta nuna alamar zafi, inji ya tsaya cak. Da safe lafiya lau yake. Na buɗe ƙofar akwatin wutar na kafa masa fankar tsaye, ya ɗan yi dama-dama. Oga ya ce in tafi kasuwar Alaba in nemo wata amfilifayar. Ku taimaka kafin a yi asarar kuɗi.

Baba Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Yaro, fara rufe ƙofar nan. Iskar shago cike take da tururin ruwan sanyaya ƙarfe da ƙura, kai kuma kana hura su kai tsaye kan allon lantarkin amfilifayar. Da laimar Legas sai su zama danƙo, su toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi ta baya. Fanka biyu ce a yawancin amfilifayoyin nan, ƙarama a ciki, babba a bayan akwati, ita ce kowa ke mantawa da ita. Kashe wuta, ka jira minti 20 sai jan fitilar caji ta mutu, don kafasitocin, wato ma'ajiyar caji da ke ciki, suna riƙe wutar da za ta iya kisa. Sannan ka juya fankar da yatsa. In ta yi nauyi, canza ta. Kafasito kuwa, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwarsa.

Injiniya Apapa:
Maganar Baba gaskiya ce, amma me ya sa Z kaɗai? Motar Z tana da birki mai sakewa da wutar lantarki bolt 24. In bai saki sosai ba, ko man layin ya ƙafe, motar za ta yi ta jan wuta. Duba awon lodi, wato nauyin da motar ke ja, a allon nuni na inji lokacin da take hawa ba yanka. Ka kuma auna abin da taransifoma ke bayarwa idan kuna kan janareta, don yawancin injinan Japan bolt 200 suke so, tamu kuwa 415 ce.

Ɗan Agege:
Baba, Allah ya ƙara girma. Fankar baya ta mutu murus, na kankare danƙo kamar ƙullun ƙosai. Birki lafiya. Jiya mun kai magariba bai tsaya ba. Oga ya fasa zuwa Alaba, kuɗin motar ma ya karɓe abinsa.