Zaɓen jirgin ruwan kallon gine-gine a Chicago

Waɗanda suka san kogin Chicago bakinsu ya zo ɗaya: kafin kuɗin tikiti, a tambayi wanda zai yi bayani. Jirgin Chicago's First Lady, mai aiki da Chicago Architecture Center (cibiyar ilimin gine-gine ta birnin), yana ɗaukar masu bayani da aka horar, tafiyarsa minti 90 ce, kuma yana shiga rassan kogin uku. Jiragen da ke haɗawa da tafkin Michigan kuwa suna cin lokaci a ƙofar daidaita ruwa da ke tsakanin kogin da tafkin, sai kallon gine-ginen ya ragu.

A hau benen jirgin, a zauna gefe. Daga ƙasa rufi zai tare maka saman Marina City, tagwayen benayen nan masu kama da totuwar masara, balle dogon benen nan Willis Tower. Sai dai benen jirgin ba inuwa, a riƙe hula da ruwan sha; da yamma kuma iskar kogin na da sanyi ko da rani ne.

Tikitin ƙarshen mako kan ƙare da wuri, a saya ta intanet. A iso da rabin awa, domin kujerun ba su da lamba, wanda ya riga shi ke zaɓa.